Masagan Bida: Masu Mayar da Fasassun Kwalabe Abin Ado

A kasuwar Talata Mafara, ko ta Bakura da Maradun a jihar Zamfara, ba a rasa teburin masu kayan ado: awarwaro da tsakiya da jigida. Akasarinsu a yau na roba ne, ko kuma daga ƙetare aka kwaso su. Alhali nan cikin Arewa, a birnin Bida na jihar Neja, akwai unguwar da ta gaji sarrafa gilashi da hannu tun kaka da kakanni, wato unguwar Masaga.

Masagan suna cewa kakanninsu daga Masar suka taso, suka biyo ta Barno har suka yada zango a ƙasar Nufe. Bajamushen nan Leo Frobenius ya ziyarce su a 1911, sannan S. F. Nadel ya bayyana tsarin sana'arsu a littafinsa kan daular Nufe da ya fito a 1942. A da, su ke dafa gilashinsu daga tushe: su haɗa rairayi da kanwa, su yi ta ba shi wuta har ya zama wani baƙin gilashi da suke kira bikini. Da kwalaben Turai suka yawaita, sai aka koma fasa su ana narkarwa, domin sun fi sauƙi, ga kuma launi iri-iri.

Aikin abin kallo ne. Murhun yumɓu ne a tsakiyar ɗaki, yaro na gefe yana zuga, masu aiki sun kewaye wutar. Gwani zai ɗebo narkakken gilashi a bakin sandar ƙarfe, yana ja kamar alewa, ya yi ta murza sandar kada ya zube. In ƙarau zai yi, sai ya huda curin, ya riƙa juya shi yana faɗaɗa ramin har ya kai girman hannun mace, babu mahaɗi ko ɗaya. Daga nan a bar shi ya huce sannu a hankali, domin gilashin da ya huce da gaggawa tsagewa yake yi. Wannan gwaninta ba ta samuwa sai da shekaru a bakin wuta, shi ya sa yaro ke farawa da zuga kafin a ba shi sanda.

Abin lura, Turawa ma sai daga baya suka dawo kan ƙaramin murhu. A Amurka, aikin gilashi ya daɗe a hannun manyan masana'antu, sai a 1962 wani malamin ginin tukwane, Harvey Littleton, ya gwada a birnin Toledo cewa mutum ɗaya zai iya narka gilashi ya busa shi ta bututu a ɗan ɗakin aikinsa. Ɗalibinsa Dale Chihuly ya kafa makarantar Pilchuck a 1971, kuma ko da ya rasa ganin ido ɗaya a hatsarin mota a 1976, bai bar sana'ar ba. A yau manyan gidajen tarihi na alfahari da ayyukansa. A Afirka kuwa, masana'antar Ngwenya ta ƙasar Eswatini tsofaffin kwalabe take narkarwa, ta busa kofuna da kayan ado tana sayar wa duniya.

Bambancin a fili yake: can an shigar da sana'ar makaranta, an nema mata kasuwa, nan an bar ta a hannun iyalai ƙalilan, ga tsadar itace, ga kayan roba sun karya farashi.

Zamfara na da abin yi a nan. Muna da maƙera da magina tukwane da suka san halin wuta, kwalabe kuma ga su nan zube a juji. Ya kamata Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara ta gayyato gwanayen Masaga, ta biya su haƙƙinsu, su koyar da matasanmu. Mu kuma masu haɗa lefe, mu nemi ƙarau na Bida mu saya, domin ciniki ne ke raya sana'a.