Karkanda Ta Tafi, Saura Wa?

Yaranmu na Talata Mafara, Bakura da Maradun ba su san karkanda ba sai a hoto. Alhali a da akwai baƙar karkanda a dazuzzukan Chadi da arewacin Kamaru. Mafarauta suka ƙarar da ita saboda ƙahonta, wanda ake ƙotar wuƙa da shi a Yaman, ake kuma magani da shi a Asiya. A 2006 masu bincike suka karaɗe dajin Kamaru ba su ga ko ɗaya ba. A 2011 aka sanar cewa irinta ya ƙare.

Yau ana kare sauran da masu gadi dare da rana, ana yanke musu ƙaho don kada ɓarayi su yi kwaɗayi, ana kuma kai wasu sabon daji. A 2018 aka kawo shida daga Afirka ta Kudu zuwa gandun Zakuma a Chadi, huɗu suka mutu cikin 'yan watanni. Rigakafi dai ya fi magani.

Mu duba Kure a Nijar. A 1996 raƙuman dawa 49 suka rage, amma da manoma suka shiga aikin tsaronsu, sun haura 600.

Littafin Farawa ya nuna Allah ya ba Adamu amanar gona. Kafin mu cinna wa daji wuta da rani don zomo guda, ko mu kwashe 'ya'yan kifi a Bakolori da ƙaramar koma, mu tuna Mai gonar zai tambaye mu.