Amsar Wasiƙunku: Ɗan Sanda Ya Yi Duka, Wa Zai Hukunta Shi?

Wasiƙarmu ta wannan mako daga Darmanawa ta fito, daga wani ɗan kasuwa mai sayar da hatsi. Yana tambaya: me ya sa idan 'yan sanda suka lakaɗa wa masu fafutukar kare haƙƙin jama'a duka, ba a jin an hukunta kowa?

To malam, mun gode. Bari mu ɗauki abin da ya faru a gabanmu. A watan Agusta 2024 matasa suka fito zanga-zangar tsadar rayuwa. Ƙungiyar Amnesty International ta ce an kashe aƙalla mutum 24 a faɗin ƙasa, 12 daga ciki a nan Kano, a Rijiyar Lemo da Ƙofar Nassarawa. Rundunar 'yan sanda ta musanta, har ta nemi ƙungiyar ta janye rahoton ta ba da haƙuri. Ka ga ke nan, wanda ya ƙirga gawarwakin shi aka juya wa.

Ranar 1 ga Nuwamba 2024 kuma aka gurfanar da mutum 76 a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja, cikinsu har da ƙananan yara, bayan kusan wata uku a tsare. Wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Sai da duniya ta yi ca kafin Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a sake su.

Dokar hukunci fa akwai ta. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga jami'in da ya gana wa mutum azaba. Matsalar ita ce wa zai yi binciken? Abokan aikin wanda ake zargi. Su ke riƙe da littafin caji ofis, su ke tattara shaida. Mai shaida kuwa gobe ma ta gaban ofishin zai wuce zuwa kasuwa, don haka ya kan ja bakinsa. Ko kotu ta yanke diyya, karɓarta wani dogon aiki ne, domin doka ta ce sai an nemi amincewar Antoni Janar kafin a taɓa kuɗin gwamnati. Talaka da gona ke jiransa, ina zai iya wannan zirga-zirga?

Amma kada ka ce babu abin yi. Tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu cikin nisan kilomita 40, in babu, kwana biyu. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama uba ko mata a madadin wanda ake nema. Belin caji ofis kyauta ne, ko da an ce maka "a kawo na takarda".

Idan duka ya auku, a garzaya asibiti a ranar, a karɓi rahoton likita, a ɗauki hoton raunin. A rubuta rana da lokaci da sunan ofishin. Sannan a kai ƙorafi a rubuce ga Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, tana da ofis a Kano kuma ba a biyan ko kwabo. A sa su buga hatimi a kan kwafi ɗaya, ka riƙe naka a gida.