Duna, Karen Gidanmu

(Kiɗan buɗe shiri, sannan ya lafa)

 Shirinmu na yau labarin mutuwa ne, amma ba irin wadda ake shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa ba. Kare ne ya mutu. Na san wani har ya kai hannu zai murɗa rediyo. Don Allah malam, ɗan dakata.

A wani ƙauye tsakanin Gaya da Ajingi na tashi. Wata damina an kwana ana tafka ruwa, da hantsi sai ga Baba ya dawo daga gona da wani abu a cikin malafarsa. Kwikwiyo ne baƙi wuluk, jikinsa duk taɓo, ido ɗaya a kumbure. A ramin da ake haƙar ƙasar gini ya tsamo shi, yara sun kewaye suna ta jifa. Inna ta leƙa ta ce, "Malam, wannan kuma me za mu yi da shi?" Baba ya ce, "Rai ne. A ba shi kunu."

Aka sa masa suna Duna, aka kuma kafa masa doka. Ba ya shiga ɗaki, ba ya kusantar buta ko randa. Kaskonsa daban, a gindin darbejiya kusa da turken awaki. Baba ya yi karatun zaure, kullum yana tuna mana cewa a Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, sai dai in ya sa baki a ƙwarya a wanke ta sau bakwai, kuma shari'a ta yarda a ajiye shi don farauta ko tsaron dabbobi da gona. Kaka dai ba ta taɓa gamsuwa ba. "Wancan abin" take ce masa. Amma mun sha kama ta da asuba tana zuba masa ƙanzon tuwo, tana waige-waige kada a gan ta.

Duna ya biya kunun nan. Ana saura kwana uku Babbar Sallah, cikin dare, ya yi ta haushi har unguwa ta tashi. Da aka haska, an riga an kwance igiyar ragon layya, an yanka danga, ga sawun mutum biyu sun nufi daji. Tun daga ranar ya yi suna. Da rani in 'yan farauta sun biyo da gangunansu sai sun tsaya sun roƙi a ba su aronsa, wai karen bana shi ke maganin zomon bana. Masu sayen karnuka da ke kai su kasuwar Dawaki a Jihar Filato su ma sun yi tayi. Baba ya ce ba ya sayar da maigadinsa.

Abin da aka fi yi masa dariya a kai shi ne allura. Duk shekara sai ya sa Duna a kwando, ya ɗaure a bayan keke, ya tafi Gaya wurin malamin dabbobi. Mutane na cewa, "Malam, kare ma sai an kai shi asibiti?" To, ashe shi ya fi mu gani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta hanyar cizon kare ne. In alamunsa suka bayyana a jikin mutum, da wuya ya tashi. Allurar karnukan kuwa a nan gida ma ana yin ta, a cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom kusa da Jos.

(Kiɗa a hankali)

Ya kai shekara goma sha biyu a gidanmu. Gashin bakinsa ya yi fari, haushin ya koma kamar tari. Cikin wani hunturu ya daina cin abinci, kwana biyu yana kwance. Ranar ta uku Baba ya fito sallar asuba ya tarar da shi a bakin zaure, inda ya saba kwana, ya riga ya sandare.

A ƙauyenmu mushen kare igiya ake ɗaura masa a ja shi juji. Baba bai yarda ba. Ya ɗauki fartanya da kansa, ya haƙa rami a bayan danga, ya rufe shi, ya wanke hannu ya shiga ɗaki bai ce uffan ba. Wani maƙwabci ya leƙo ya ce, "Ashe karen ya mutu? Sai a nemo wani." Iyakar gaisuwar da muka samu ke nan. Ba na ganin laifinsa. Mu in an ambaci kare, zagi ne ke fara zuwa bakinmu, ba mu tanadi kalmar jaje dominsa ba. Alhali mu ne muke jin malamai suna karanta hadisin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da takalminsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah Ya gafarta masa. Inna kuwa ta yi kusan mako tana kankare tukunya ta nufi gindin darbejiya, sai ta kai rabin hanya ta tuna.

Kaskon yana nan har yau, kaji ke shan ruwa a ciki.

Mai sauraro, in kana da kare a gida ko a garke, ka kai shi a yi masa allura, kada ka bar kaskonsa a bushe. In kare ya ciji wani, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya asibiti a ranar. In kuma ka ga yara sun tsare kwikwiyo da jifa, ka tsawata musu. Sai wani makon in Allah Ya kai mu. A huta lafiya.