Luwi a Tunis, Yunfa a Alƙalawa

Sarkin Faransa Luwi na Tara ya mutu ranar 25 ga Agusta, 1270, a sansaninsa kusa da Tunis, inda ya kai yaƙin 'yan Salibiyya ƙasar Halifa al-Mustansir. Ba takobi ya kashe shi ba, ciwon ciki ne da ya ɓarke cikin rundunarsa. Sarkin Gobir Yunfa kuwa a gida ajali ya same shi, a watan Oktoba na 1808, ranar da jama'ar Shehu, ƙarƙashin jagorancin Muhammadu Bello, suka ci Alƙalawa, wadda kufanta ke ƙasar Sabon Birni a yau. Ɗaya ya ƙetare teku neman garin wasu bai samu ba, ɗaya ya faɗi yana kare nasa.

Inda suka fi rabuwa shi ne hannun da ya riƙe labarin. Na Luwi mutanensa suka rubuta shi. Malaman cocin Saint-Denis ne suka tattara tarihin sarakunan Faransa, masu zane kuma suka ƙawata littattafan da ruwan zinariya da shuɗi mai tsada, har zuwa kan Jean Fouquet wajen 1460. A irin waɗannan zane-zane sarki na kwance cikin natsuwa, sau da yawa da kambinsa a ka, fadawa da limaman coci sun kewaye shi. Babu warin sansani, babu gawarwakin sojoji, ba a kuma nuna cewa yaƙin ya tashi a tutar babu. An ce ya roƙi a kwantar da shi kan toka don ƙanƙan da kai, wannan kuwa ya shiga bakin kowa. An dafa gawarsa aka ɗauki ƙasusuwan zuwa Faransa, a 1297 Fafaroma ya ayyana shi waliyyi.

Yunfa bai samu mai zane ba, don malamanmu ba sa suranta mutum, rubutu suke yi. Alƙalamin kuma yana hannun wanda ya ci yaƙi. A cikin Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812, Bello ya kawo rikicin daki-daki: hijirar Shehu zuwa Gudu, karon Tafkin Kwatto a 1804, har faɗuwar birnin. Shaidar ganau ce, kuma ta fi zanen Fouquet kusa da abin da ya faru, tunda shi Fouquet kusan shekara ɗari biyu ke tsakaninsa da Luwi. Sai dai ganau ɗin abokin gaba ne. Abin da Yunfa ya ji tsoro, da yadda fadarsa ta kalli al'ummar Shehu da ke girma a Degel ba ta bin umarnin sarki, duk ta bakin wasu muke jin su. Ɓangaren Gobirawa ya zauna ne a bakin maroƙa da tsofaffi, a Sabon Birni da Isa da Tsibiri, kuma duk tsohon da aka binne yakan tafi da wani yanki nasa.

A ganina, mai neman gaskiyar lamari ya fi samun riba wurin Bello. Mai neman sarkin da mutanensa suka yi wa kuka kuwa, a littattafan Faransa zai tarar da shi. Yunfa ma an yi masa kuka, don Gobirawa ba su ajiye makami ba, suka ci gaba da faɗa har Sarki Ali ya faɗi a Gawakuke a 1836. Wannan kukan ne ya kamata 'ya'yan Gobir masu ilimi su ɗauka daga bakin dattawa su rubuta, a ajiye shi kusa da Infaƙul Maisuri.