Bayan Mota Ta Fito Daga Laka: Kula Da Kuloci, Giyabos Da Aksul

Daga watan Yuli zuwa Satumba, duk mai bin hanyoyin fadamar Haɗeja da Nguru, ko baƙar ƙasar nan mai danƙo da ke tsakanin Dikwa da Gamborun Ngala, ya san kwalta ba ta kai ko'ina ba. Motocin da ke kai taki da magani da 'yan kasuwa ƙauyuka a wannan lokaci galibinsu Hilux ne da Land Cruiser, masu giyar ogzilari da ke jan tayoyi huɗu. Direba ya ratsa rafi ya haye, fasinjoji su yi hamdala, a kai mota wurin wanki ta fito fes, a ɗauka magana ta ƙare. Alhali a lokacin ne ɓarnar da ta fi cin kuɗi take somawa, can ƙarƙashin mota inda mai wanki ba ya leƙawa. Sai kaka ta yi, aksul ya fara kuka ko giya ta ƙi shiga, mai mota ya rasa daga ina abin ya faro.

Yadda ruwa ke shiga akwatin da ke rufe

Ƙarfin inji yana bi ta kuloci ya shiga giyabos, daga nan ya wuce akwatin ogzilari da ke raba shi gaba da baya, furofela ta kai shi aksul, aksul ya juya taya. Giyabos da akwatin ogzilari da aksul biyu, kowannensu na da nasa man, kuma kowanne na da 'yar mashaƙar iska a samansa. Dole ce ta sa aka yi ta, domin idan mota ta yi tafiya, iskar da ke ciki takan yi zafi ta kumbura, in ba ta sami mafita ba sai ta turo mai waje ta bakin sil.

Idan aksul mai zafi ya faɗa ruwa mai sanyi, iskar cikinsa takan tsuke nan take, sai ya zuƙi duk abin da ke bakinsa. In mashaƙar tana cikin ruwa, ta nan zai sha. In irin mai murfin nan ce da ke rufe kanta, sai ya zuƙo ta bakin sil. Kuma aksul ba shi da tsayin da ake zato. Tayar Hilux mai lamba 265/65R17 tsayinta kusan santimita 78 ne, ke nan tsakiyar aksul santimita 39 kacal take daga ƙasa. Ruwan da ya kai gwiwar mutum ya riga ya rufe sil ɗin.

Kamfanin Toyota ya ce Hilux ɗin da ya fara fitarwa a 2015 za ta iya ratsa ruwa mai zurfin milimita 700, Ford ya ce Ranger za ta iya 800, tsohuwar Land Rover Defender kuwa 500. Amma wannan lissafi na lafiyayyar mota ne da ke wucewa a hankali ba tare da tsayawa ba. Tsohuwar mota mai gajiyayyen sil, wadda ta kafe a tsakiyar kududdufi har awa guda, ba ta cikin wannan lissafi.

Ruwa na haɗuwa da man giya sai ya koma fari-fari kamar shayin da aka zuba wa madara. Haƙoran aksul suna gugar juna ne da nauyin mota a kansu, kuma siririn shafin mai ne kawai ke hana ƙarfe cin ƙarfe. Gauraye da ruwa, man ba ya iya wannan aiki. In aka ajiye motar, ruwan ya kwanta a ƙasa, tsatsa ta huda boris. In da yashi a ciki, to kowane juyi na taya wasa haƙora yake yi.

Kuloci, wanda ba a rufe shi ruf ba

Kuloci ya sha bamban da sauran, domin shi a bushe yake aiki. Farantinsa na matse ne tsakanin filayawil da murfin da ke danne shi, cikin wani koko da ya haɗa inji da giyabos. Kokon nan na da ƙofofi: inda hannun kuloci ke shiga, da 'yar hudar da ke ƙasa don fitar da mai in ya ɗiga. Ta nan ruwan laka ke kutsawa. Shi ya sa tsofaffin Land Rover ke zuwa da wani noti na toshe hudar kafin a shiga ruwa, a kuma cire shi bayan an fito.

Muddin ƙafar direba ba ta kan kuloci, farantin na manne da filayawil, laka ba ta da wurin shiga tsakaninsu. Da ya taka don canza giya a tsakiyar ruwa, sai ya buɗe mata ƙofa. Daga nan kuloci ya fara zamewa: a taka totur, inji ya yi ta ƙugi, mota ba ta gaba. Don haka tun a bakin gaɓa ake zaɓen giya. A sa ogzilari a L4, a shiga da lamba biyu, a riƙe totur daidai, kada a taɓa kuloci sai an haye.

Ɓarna ta biyu takan zo ne idan mota ta kafe. Direba ya riƙa gaba da baya da rabin kuloci har ƙauri ya tashi. Wannan ƙauri na farantin ne ke ƙonewa, kuma zafin na iya ɓata fuskar filayawil. Haka nan barin taya ta yi ta juyawa a banza da gudu, domin da ta kama ƙasa mai tauri farat ɗaya, shaf na iya karyewa. Shebur da katako da igiyar ja sun fi sauƙin kuɗi.

Ta uku kuma bayan an dawo gida ce. Idan aka ajiye mota da jiƙaƙƙen kuloci kwana da kwanaki, tsatsa kan like farantin da filayawil, a taka kuloci giya ta ƙi shiga. Laka kuma ta bushe a kan boris ɗin da ke tura kuloci, ya fara ƙara duk sa'ad da aka taka. Maganin shi ne a buɗe hudar ƙasa ruwan ya tsiyaye, in laka ta shiga a ɗauraye ta da ruwa mai tsabta tun tana ɗanya, sannan a tuƙa motar a busasshiyar hanya ana canza giya har wurin ya bushe. Kada a fesa mai ko giris cikin kokon, domin ɗigo kaɗan a kan faranti ya isa ya sa a sauke giyabos.

Abin yi kafin kwana ɗaya ya cika

Wankin farko na ƙarƙashin mota ne, tun laka ba ta daskare ba. Busasshiyar laka a cikin rim ko a jikin furofela tana sa mota karkarwa, tana kuma riƙe danshi a jikin ƙarfe. A gargaɗi mai wanki kada ya saita bakin injin feshi kan sil ko robobin shaf, don ƙarfin ruwan kan tura datti ciki.

Sai duba mai a wurare huɗu: aksul na gaba, na baya, giyabos da akwatin ogzilari. A fara kwance notin zuba mai kafin na tsiyayewa, gudun kada a zubar da mai sannan a tarar na saman ya ƙi kwantuwa. In mai ya kwararo ta notin sama fiye da kima, wani abu ya ƙaru a ciki. In motar ta ɗan huta, a sassauta notin ƙasa kaɗan, domin ruwa ya fi mai nauyi, shi zai fara fitowa. Da an ga ruwa ko fari-fari, a juye duka a zuba sabo, a yi 'yar tafiya a sake dubawa. Aksul yawanci man GL-5 yake sha, irin 80W-90, amma wasu giyabos GL-4 suke so, don haka a bi littafin motar.

Furofela na da kawunan giris a gaɓoɓinta. Littafin kula da mota na Toyota ya ce a yi mata giris cikin awa 24 bayan ta nitse a ruwa. A yi ta bugawa a gaɓoɓin har tsohon giris ya fito, sabo ya biyo baya. A ɗaga kowace taya a juya ta a girgiza, a ji ko boris na gurnani. A duba robobin shaf na gaba ko ƙaya ko kututture ya yaga su. Birkin baya na yawancin Hilux na ganga ne, laka kan cika shi ta cinye takalmin birki, sai an cire gangar an wanke.

Mota mai giyar otomatik ta fi kowacce tsoron ruwa, don farantanta a cikin mai suke, kuma ruwa kaɗan na ɓamɓare fatar da ke jikinsu. Idan jan man giyarta ya koma ruwan hoda mai kauri, a ja motar zuwa gareji, kada a tuƙa ta. Haka motar da ta mutu a cikin ruwa ko ambaliya ta rufe ta, irin yadda aka gani a Maiduguri bayan ɓallewar madatsar Alau ranar 10 ga Satumba, 2024. Ruwa ba ya matsuwa, don haka in ya shiga silinda aka murɗa makulli, sandar fistin ce za ta lanƙwashe.

Mai bin irin waɗannan hanyoyi duk damina, gara ya sa bakanike ya ɗaura wa kowace mashaƙa siririn tiyo ya kai shi sama cikin ɗakin inji, da 'yar matata a bakinsa. Bututun iskar da ake ɗaurawa a gefen gilashi inji kaɗai yake karewa, bai san da zaman aksul ba. In an iso bakin rafi bayan doguwar tafiya, a tsaya ƙarfe ya huce, a shiga da sanda a auna zurfin.

Kira ga masu motoci da hukumomin da ke tura direbobi karkara: a mayar da duba mai da buga giris doka bayan kowace ratsa ruwa, a kuma ba direba kuɗin yin hakan ba tare da jan rai ba. 'Yan litocin man giya da gwangwanin giris ba su kai ko kusa da kuɗin aksul ɗaya a kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa ba.