Babbar Mota Ko Ƙarama, Wacce Ta Fi A Hanyar Daji?

Mutane da yawa suna tsammani in mota ta yi girma, injinta ya yi ƙarfi, babu inda ba za ta shiga ba. Wannan magana gaskiya ce a bisa faffaɗar hanya, amma a burtali, ko turba mai kwana-kwana tsakanin itatuwa da duwatsu, ba haka abin ya ke ba. Wanda zai sayi mota, ko ya yi hayarta domin ɗauko amfanin gona ko marar lafiya daga ƙauye, ya kamata ya san dalili, kada kuɗinsa ya salwanta, motar kuma ta kafe a daji.

Abu na fari da za a duba shi ne nisan da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya. Ku lura, in mota tana shan kwana, tayoyin baya ba su bin sawun na gaba, sai su yanke ta ciki. Gwargwadon tsawon mota, gwargwadon yankewar. Kamar mutum biyu ne ɗauke da azara za su shiga zaure. In gajeruwa ce, sai su juya su wuce. In doguwa ce kuwa, sai ta tokare da bango.

Ga misali. A shekarar 1941 aka soma ƙera ƙaramar motar nan Jeep a Amurka domin sojan yaƙin duniya na biyu. Tsakanin tayoyinta na gaba da na baya inci 80 ne, faɗinta kuwa inci 62. Da Turawan Ingila suka fito da Land Rover a 1948, su ma inci 80 suka yi mata. A 1956 suka mai da ita iri biyu, mai inci 88 da mai inci 109. Gajeruwar tana iya juyowa sarai a fili mai faɗin ƙafa 38, amma doguwar sai ta sami ƙafa 45 ko fiye. Inda ba ta samu ba, sai direba ya yi ta gaba da baya, in akwai kwazazzabo a gefe kuwa, kun ga hatsari ke nan.

Abu na biyu shi ne cikin mota. In doguwa ta hau ɗan tudu, ko tsohon suri, tayoyin gaba su kan sauka tun na baya ba su hau ba, sai cikinta ya zauna a bisa tudun. Ko da injin yana juya tayoyi huɗu duka, ba ta motsi, domin ba su kama ƙasa ba. Na uku faɗi ne. Inci biyu kaɗai ya isa ya hana mota wucewa tsakanin kututture da dutse.

To, amma kowane allazi da nasa amanu. Gajeruwar mota ba ta ɗaukar kaya da yawa, tana da girgiza a hanya mai gargada, a hawa mai tsanani kuma gabanta ya fi saurin ɗagawa. Doguwa ta fi zama daram. Shi ya sa a Hamada, wajen Agadas, inda fili ba iyaka, ga guzurin mai da ruwa, dogayen motoci irin su Land Cruiser a ke so. Mai ɗaukar kaya daga cikinsu tana da wajen inci 125 tsakanin tayoyi. Jimny ta kamfanin Suzuki na Japan kuwa, wadda aka soma yi a 1970, mai ƙofa uku ta yanzu wajen inci 89 ta ke da shi. Watau raƙumi da jaki ke nan. Raƙumi ya fi kaya, jaki ya fi shiga lungu.

Saboda haka, kafin ka zaɓi mota, bi hanyar da ƙafa. Auna inda ta fi matsewa, dubi kwanar da ta fi tsanani da tudun da ya fi tsini, sa'an nan ka lissafta kayanka. In hanya ta matse, gwamma ƙarama ta yi sawu biyu da babba ta kwana a daji.