Awon Igiya: Yadda Birnin Kano Ke Cinye Gonakinsa

Wanda ya san hanyar Gwarzo shekaru talatin da suka wuce, in aka rufe masa ido aka sauke shi a Rijiyar Zaki yau, sai ya nemi ɗan jagora. A da, mutum na wuce Kabuga zai fara ganin dawa da gero sun miƙe hagu da dama, sabuwar jami'ar Bayero kuwa tana can ita kaɗai kamar an jefa ta a dawa. Yanzu bulo da kwano ne iya ganinka, har Danbare. Haka labarin yake ta hanyar Katsina wajen Bachirawa, ta hanyar Zariya wajen Na'ibawa, ta hanyar Maiduguri wajen Mariri. Sunayen unguwannin ma suna tona asirin kansu: Tudun Fulani, Rimin Kebe, Unguwar Rimi, dukkansu da ƙanshin ƙauye a jikinsu.

Kano ta daɗe tana tumbatsa. An fara ganuwa zamanin Sarki Gijimasu, wajen ƙarni na 12, Sarki Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15, kuma har Turawa suka ci garin a 1903 akwai gonaki da fadamu a cikin badala. Yau ƙananan hukumomi takwas ake lissafawa a matsayin ƙwaryar birni da kewaye: Birni, Dala, Gwale, Fagge, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Biyun ƙarshen nan su ne nauyin ya fi danne wa, domin su ke da sauran fili. A ƙidayar 2006 Ungogo tana da mutum sama da dubu 360, Kumbotso kusan dubu 300, kuma tun daga lokacin ba a sake ƙidaya ba, gini kuwa bai tsaya ko na yini guda ba.

Mafi yawan wannan gini ta hanya ɗaya yake zuwa, wadda Kanawa suka raɗa wa suna awon igiya. Manomi ya ga gari ya iso bakin gonarsa, awaki da yara sun hana shuka sakat, ko kuma ya rasu magada sun taso da maganar rabon gado. Sai dillali ya bayyana. A kawo igiya ko tef, a yayyanka gonar fuloti-fuloti, hamsin da hamsin ko ma rabin haka, a kafa turaku. Mai saye ya ba da kafin alƙalami, a rubuta takardar ciniki, shaidu su sa hannu, mai unguwa ko dagaci ya tabbatar, dillali ya karɓi la'adarsa. Shi ke nan an yi unguwa.

Bai kamata a yi saurin zagin wannan tsari ba. Shi ne ya ba malamin firamare da ɗan adaidaita sahu da mai tireda damar fita daga gidan haya. Mutum ya sayi fili bana, baɗi ya buga bulo ɗari biyar, shekara ta gaba ya yi ɗaki ciki da falo ya rufa, ya tare da iyalinsa ko da ƙofar gidan buhu ce. Filin gwamnati mai takardar mallaka ya fi ƙarfin irin wannan mutum, kuɗinsa da zirga-zirgarsa duka. Rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, waɗanda aka gina tsakanin 2011 da 2015 da tituna da fitilu da tsari mai kyau, ba don aljihunsa aka yi su ba.

Matsalar ita ce igiya ba ta san hanya ba. Duk taku ɗaya da aka bari domin titi, kuɗi ne mai gona ya rasa, don haka ake barin lungun da mota ɗaya ke shiga da ƙyar, wani wurin ma sai dai babur. Ba wanda ya ware filin makaranta ko na asibiti ko maƙabarta, balle inda yara za su buga ƙwallo. Masallaci ne kawai ke samun wuri, shi ma sai wani mai hali ya yi waƙafi. Kududdufan da ke shanye ruwan sama an cike su da shara an ɗora gini a kai. In damina ta kankama a watan Agusta, ruwa na neman tsohuwar hanyarsa, ya tarar da ita ta zama ɗakin wani. Ranar da gobara ta tashi kuwa, motar kashe wuta sai ta tsaya a bakin titi, jama'a su ƙarasa aikin da bokiti.

To wa ya kamata ya zo da titi da magudanar ruwa? A takarda amsar ba ta da wuya. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma gina ƙananan hanyoyi da kula da su, da magudanan ruwa da fitilun titi, da kasuwanni da tashoshin mota, da maƙabartu, da kwashe shara, har da raɗa wa tituna suna da ba gidaje lamba. Wato kusan duk abin da sabuwar unguwa ke kuka a kai. Don haka aka yi garambawul na 1976, wanda ya maye gurbin tsohuwar En'e da ƙananan hukumomi iri ɗaya a faɗin ƙasa: a kawo gwamnati kusa da jama'a. Yanzu akwai 774 a Najeriya, Kano ce ke da mafi yawa, 44.

Amma ƙaramar hukuma ba ita ke riƙe da ƙasa ba. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun gwamna, ta bar wa ƙananan hukumomi na karkara kawai. Tsara gini aikin KNUPDA ne, hukumar jiha, wadda mutanen gari suka fi sani da jan fenti a jikin bango. Shara a cikin birni tana hannun REMASAB, ita ma ta jiha. Ruwan famfo daga matatun Challawa da Tamburawa da Watari yake fitowa, ƙarƙashin hukumar ruwa ta jiha, kuma bututun bai kai yawancin sababbin unguwanni ba. Ciyaman dai yana zaune a sakatariya, gari na girma a kansa, ba shi ya yanka ba, ba shi ya tsara ba, amma ƙofarsa ce ta fi kusa da masu ƙorafi.

Sai maganar kuɗi, inda gizo ke saƙa. Daga asusun tarayya ƙananan hukumomi na da kashi 20.60 cikin ɗari, jihohi 26.72, gwamnatin tarayya 52.68. Shekara da shekaru kason ƙananan hukumomi ba ya zuwa hannunsu kai tsaye, sai ya bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha. Can ake cire albashin malaman firamare da na ma'aikatan lafiya da sauran ma'aikata, a cire na ayyukan haɗin gwiwa, abin da ya rage ya isa sakatariya. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Ministan Shari'a Lateef Fagbemi ya shigar, ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓun shugabanni. Jihohi suka yi rige-rigen shirya zaɓe, Kano ta yi nata ranar 26 ga Oktoba na shekarar, jam'iyyar da ke mulkin jihar a lokacin ta lashe kujeru 44 duka, kamar yadda aka saba gani a kusan kowace jiha ko wace jam'iyya ce ke kan gado. Aiwatar da ɓangaren kuɗin ne ya yi ta jan ƙafa.

Ba a ce ba a aiki. Gadojin sama na Ƙofar Nassarawa da Dangi da Hotoro sun sauya fuskar gari, an kuma taɓa ƙaddamar da titi mai tsawon kilomita biyar a kowace ƙaramar hukuma, duk da cewa da dama sun jima ba a kammala su ba. Sai dai irin waɗannan ayyuka a kan manyan hanyoyi suke, inda ido ke gani. Mazaunin Chiranchi ko Gayawa zai hau kwalta mai sheƙi daga kasuwa, ya sauka, ya naɗe ƙafar wando ya ratsa taɓo kafin ya kai gida.

Giɓin da ya rage, mutanen unguwa ke cikewa. Bayan sallar isha'i ake zama a ƙofar masallaci, a kafa ƙungiyar ci gaban unguwa, a naɗa ma'aji, galibi dattijon da kowa ya yarda da amanarsa. A yanka wa kowane gida abin da zai kawo. Da wannan karo-karo ake sayen tifar marmara a zuba a layi, a gina kwalbati, a sayi turakun wuta da waya, wani lokaci har taransifoma, wadda in ta ƙone su ne dai za su sake haɗa kuɗin gyara. Ranar Asabar matasa su fito aikin gayya da shebur da baro su yashe kwata. Da dare 'yan sintiri na zagayawa da fito da tocila, ana biyansu a ƙarshen wata. Ruwa kuwa kasuwanci ya zama: mai kuɗi ya haƙa burtsatse, 'yan garuwa su cika jarkoki su turo kura gida-gida, matar aure ta tsaya bayan ƙofa tana cinikin jarka biyu.

Kansila yakan zo, musamman in zaɓe ya matso. Akan shimfiɗa masa tabarma, a miƙa masa takardar buƙatu, ya yi alkawarin kai ta gaba. Wani yakan kawo buhunan siminti daga aljihunsa, domin shi ma ɗan unguwar ne, ruwan da ya ci gidan maƙwabcinsa bai bar nasa ba.

Igiyar kuwa ta riga ta wuce gaba. Dillalai yanzu suna nuna wa masu saye filaye a ƙasar Dawakin Kudu da Gezawa da Tofa da Dawakin Tofa, ƙananan hukumomin da har gobe ake lissafa su a karkara. A can, tsakanin karan dawar bara, an riga an kafa turaku, wasu ma an fara sauke yashi.